Amon da Ba Ya Gusawa: Jita a Gilasgo, Garaya a Zurmi

Duk wanda ya zauna da masu koyar da jita a birnin Gilasgo na ƙasar Sukotlan zai lura da yadda suke jera darasi. Da farko ɗalibi zai koyi kod, wato amo uku ko huɗu da ake bugawa tare su tashi a dunƙule. Daga nan ya koyi tashi daga wannan kod zuwa wancan ba tare da yatsunsa sun harɗe ba. Sai hannunsa ya faɗa sosai sannan malami zai buɗe masa wani babi da ake ɗauka na gwanaye ne: ya riƙe amo guda ɗaya, kada ya bar shi ya gusa, alhali sauran kod-kod suna ta sauyawa a kansa. A arewacin Zamfara, inda na tashi, abin a juye yake. Yaron da aka miƙa wa garaya a ƙasar Zurmi, wannan tsayayyen amo shi ne abin farko da hannunsa zai sani, tun kafin ya iya fitar da take ko ɗaya. Abin da suke ajiyewa sai ƙarshe, da shi muke soma karatu. Dalilin wannan bambanci ya shafi abin da kowace al'umma take nema a wurin kiɗa, kuma yana da amfani ga duk matashin da ya ɗauki jita a Ƙauran Namoda ko Shinkafi a yau.

Jita tsirkiya shida gare ta. A ɗaurin da aka saba, daga mai kauri zuwa siririya, ana kiransu da haruffan E, A, D, G, B, E. In mutum bai danna tsirkiya ba ya kaɗa ta, amonta na asali za ta bayar, kuma za ta yi ta amsawa har ta gaji don kanta. A nan dabarar take. Wani malamin jita a unguwar da nake zaune ya nuna mini yadda yake yi. Ya sassauta tsirkiyar nan mafi kauri, ya sauko da ita daga E zuwa D. Sai ya sa babban yatsansa na dama yana bugunta a kai a kai, ba fashi. Yatsun hagunsa kuwa suna can kan sirara uku, suna hawa da sauka a wuyan jita. Da ya danna kod ɗin D, komai ya zauna lafiya, don na sama da na ƙasa dangi ne. Da ya matsa zuwa G, sai amon ya buɗe, amma har yanzu akwai jituwa. Da ya kai A, sai ka ji wani ɗan tsami ya shigo, domin amon ƙasan ba ya cikin ainihin kod ɗin, ga shi kuma ya ƙi tashi. Malamin ya daɗe a wurin da gangan, yana kallona, har sai da na ji ƙirjina yana neman a koma. Sannan ya dawo D, numfashi ya sauka.

Ya ce ana iya juya abin. A bar siririyar tsirkiya ta sama ta yi ta ƙara ita kaɗai, a riƙa sauya na ƙasa, ko kuma a ɓoye tsayayyen amon a tsakiya. Kowanne da irin ɗanɗanonsa. Amma manufar dai guda ce: a ɗaure mai sauraro, a ja masa rai, sannan a sake shi.

Wannan tunani ya daɗe a kiɗan Turai. An fi alaƙanta shi da babbar ogan ta majami'u, wadda ban da allunan da ake dannawa da hannu tana da wasu sanduna a ƙasa da ake takawa. Makaɗi zai ɗora ƙafarsa a kan guda ya bar ta nan, hannuwansa biyu suna ta yawo a sama. Johann Sebastian Bach na Jamus, wanda ya rayu daga 1685 zuwa 1750, ya yi fice a wannan, musamman in kiɗa ya doshi ƙarewa, inda yake tara nauyi a kan amo guda kafin ya sauke. Daga baya masu kiɗan jaz na Amurka suka ɗauka. A kiɗan John Coltrane mai suna Naima, wanda ya naɗa a 1959, mai babban molon ƙungiyar yana tsaye a kan amo ɗaya na tsawon lokaci yayin da kod-kod masu wuyar haɗi suke wucewa ta samansa. A duk waɗannan, tafiya daga kod zuwa kod ita ce doka, tsayuwa kuwa ado ne da ake kawowa lokaci-lokaci. Shi ya sa sai wanda ya san dokar ake koya wa yadda zai dakatar da ita.

A gida kuwa babu wata tafiya da ake dakatarwa. Garaya tsirkiya biyu ce a kan ƙwaryar itace da aka rufe da fata, da dogon wuya marar gaɓoɓi, da ɗan fallen ƙarfe mai ƙananan zobba a ƙarshen wuyan, wanda yake ƙara wa kowane bugu wani zirin ƙara. Ina yaro na sha tsayawa kusa da wani tsoho mai garaya a kasuwar Shinkafi ta ranar Alhamis, can gefen masu sayar da magungunan gargajiya da kayan farauta. Abin da ya fi ɗaukar idona shi ne hannunsa na hagu. Tsirkiya ɗaya yake yi wa hidima, yana dannawa yana saki, ita ce ke furta zance. Ɗayar kuwa galibi a sake take, hannun dama yana shafarta a kowane bugu, tana ba da amo guda mai kauri wanda ba ya canzawa tun safe har la'asar. Mai girgiza caki na gefensa yana cike sauran gurbin.

Wata rana na yi ƙarfin hali na ce masa, "Baba, ita wannan ba a danna ta ne?"

Ya ce, "Yaro, in na danna ta, ina waccan za ta dawo?"

Bai ƙara ba, ya ci gaba da kiɗansa. A wurinsa wannan tsirkiya turke ce. Doki yana iya zagayawa, ya yi haniniya, ya tashi da ƙafafun gaba, amma igiyarsa tana ɗaure a wuri guda, kuma saboda haka ne mai shi yake barinsa ya yi wasansa hankali kwance. Babu wanda ke sauraron garaya yana jiran a warware wani ƙulli. Amon ƙasa yana nan kafin ka iso, yana nan bayan ka wuce.

Haka abin yake a sauran kayan tsirkiyarmu, kowanne da salonsa. Gurmin 'yan kokawa, irin wanda Haruna Uji na Haɗeja ya shahara da shi, da molo mai tsirkiya uku, duk suna da amon da hannu ke komawa gare shi. Kuntigin Ɗanmaraya Jos tsirkiya ɗaya tak gare shi a kan gwangwani, amma ka saurara da kyau za ka ji yana ta faɗowa kan amo guda tsakanin kalma da kalma. Mai algaita a ƙofar fada yana cika kumatu da iska, yana shaƙar wata ta hanci, don kada busar ta yanke ko na ƙiftawar ido. Kunnenmu ya saba da abin da ke ɗorewa.

Me ya sa muka zaɓi haka? A ganina, saboda a wurinmu magana ce sarauniya, kiɗa bafadenta ne. Hausa harshe ne mai karin sauti, kowace gaɓa tana da hawanta ko saukarta, kuma in ka juya su ka ɓata kalmar. Mawaƙin Hausa ba shi da damar ya ja kalma sama don kawai kod ya koma sama. Dole karin waƙa ya bi karin harshe. Kiɗan da zai yi masa hidima shi ne wanda zai shimfiɗa masa wuri ya tsaya, ya bar masa fili. Ko makaɗan fada da ba su riƙe tsirkiya ba, a kan wannan tsari suka gina waƙa. Ibrahim Narambaɗa na Tubali, makaɗin Sarkin Gobir na Isa, da Musa Ɗanƙwairo na Maradun, da kotso suka yi aiki, amma kowace waƙa tasu tana da gindi wanda 'yan amshi ke riƙe da shi, jagora kuma yana kawo ɗiya iri-iri, ya tafi ya dawo. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya yi dogon nazari a kan wannan gini na gindi da ɗiya. Gindin nan shi ne tsayayyen amonmu a fagen kalmomi.

A nan ne bambancin ƙirƙirar nan-take ya fito fili. Na halarci zaman makaɗa da dama a Gilasgo. In aka ce wani ya yi ƙirƙira, ana nufin yatsunsa. Abokansa za su riƙe masa amo guda, shi kuma ya shiga gwada kod-kod da sautukan da bai shirya ba, yana auna wanda ya dace da na ƙasa da wanda ya yi masa tsami, kuma masu sauraro wannan gwajin suke bi. A Zurmi in aka ce makaɗi gwani ne wajen ƙirƙira, bakinsa ake nufi. Kassu Zurmi ya yi suna ne wajen waƙar 'yan tauri da mafarauta, kuma abin da ke tsuma maza a irin wannan fage shi ne a kira mutum da sunansa, da na ubansa, da garinsu, da abin da ya taɓa yi a daji, ana cikin kiɗa ba tare da an tsaya ba. Wani ya shigo fili yanzu, dole a sa shi a waƙa yanzu. Makaɗin da ke lissafin cewa bayan bugu huɗu zai sauya kod ba zai iya wannan ba. Wanda amonsa ke tsaye kuwa yana iya tsawaita ɗa guda ko ya gajarta shi gwargwadon abin da fage ya kawo. Su makaɗan Gilasgo tsayayyen amo yana 'yanta musu yatsu. Mu harshe yake 'yanta mana.

Wajen tsara sabon kiɗa ma haka ne. Baturen da ke son rubuta waƙa yakan zauna da jitarsa ya fara neman jerin kod, in ya samu sai ya nemo kalmomin da za su hau. Namu yakan fara da mutum ko da al'amari: sarki, ko manomi, ko ɗan dambe. Sai ya samo jimla guda da za ta zama gindi, ya maimaita ta har karinta ya fito da kansa, sannan a kira masu kiɗa su bi.

Sai dai ba zan yi wa mutanen Sukotlan adalci ba in na ce duk kiɗansu na tafiyar kod ne. Ƙasa ce da ta san tsayayyen amo tun kaka da kakanni. Algaitarsu ta gargajiya tana da jaka da ake cika wa iska a matse a hammata, da bututu uku da ke jingine a kafaɗa, biyu matsakaita ɗaya dogo, waɗanda ba su da wani aiki sai fitar da amo guda ba yankewa. Na huɗun da ke hannu shi ke yin zance, kuma amo tara kacal yake da su. Kowane watan Agusta ana gasar duniya ta masu wannan busa a filin Glasgow Green, kuma ranar da na fara jin ɗaruruwansu sun tashi tare, abin da ya faɗo mini a rai shi ne hawan salla. Su ma makaɗan Indiya suna da tambura, wadda aikinta kawai ta riƙe amon tushe daga farkon zama har ƙarshensa. Ashe tsayuwa a kan amo guda tsohuwar hanya ce ta bil'adama. Tafiyar kod ce baƙuwa, ko da yake ta yi ƙarfi har ta rufe sauran.

Abin sha'awa, hanyar da jitar Birtaniya ta bi ta koma ga wannan tushe ta ratsa ta Afirka. Davey Graham, wanda aka haifa a Ingila a 1940, mahaifinsa mutumin tsibirin Skye na Sukotlan, ya je Maroko a farkon shekarun 1960, ya saurari kiɗan can, ya ga ɗaurin jitar da ya saba da shi ba ya ɗaukarsa. Sai ya sassauta tsirkiya uku, jitar ta koma D, A, D, G, A, D. Duba da kyau: D uku, A biyu, G ɗaya. Ko ba ka danna komai ba, in ka shafa ta za ta ba ka amo buɗaɗɗe wanda bai karkata ga fara'a ko baƙin ciki ba, kuma kana iya yin zance a kan tsirkiya ɗaya sauran biyar suna amsa maka. Makaɗan gargajiyar Sukotlan da Ayalan suka rungume shi domin ya dace da karin algaitarsu, Jimmy Page na ƙungiyar Led Zeppelin kuma ya yi amfani da shi a waƙarsu Kashmir ta 1975. A bikin Celtic Connections da ake yi a Gilasgo kowane Janairu tun 1994, da wuya dare ya wuce ba ka ji wannan ɗauri ba.

Arewacin Afirkan nan kuwa ba baƙon wuri ba ne ga kiɗanmu. 'Yan Gnawa na Maroko suna kaɗa gimbiri mai tsirkiya uku, ɗaya gajeriya wadda ba a dannawa. A Tunisiya akwai kiɗan Stambeli, wanda Hausawan da aka kai can ta hanyar Sahara suna cikin waɗanda suka kafa shi, har wani Bature mai suna Tremearne ya wallafa littafi a 1914 a kan borin Hausawan Tunis da Tarabulus. A ɗaya gefen teku kuma, banjo ta Amurka tana da gajeriyar tsirkiya ta biyar da babban yatsa ke bugawa a kan amo guda, kuma masana sun bi sawunta har zuwa molayen Afirka ta Yamma, irin su akontin na Jolawan Senegal da Gambiya, ta hannun bayin da aka kwashe.

Amma darasin da ya fi kusa da mu yana arewa da Shinkafi, tsallaken iyakar Nijar. Buzaye sun karɓi jita ba tare da sun bar ta ta sauya musu kunne ba. Sun ɗauke ta a matsayin molo mai tsirkiya shida: babban yatsa yana tsare da amon ƙasa, sauran suna zuba zance a sama, waƙa guda ta yi minti goma a kan kod ɗaya ba wanda ya ƙosa. Da wannan salon ƙungiyar Tinariwen ta Mali ta ci kyautar Grammy a 2012, da shi Bombino na Agadas ya zaga duniya. Kafin su, Ali Farka Touré na Niafunké, wanda ya rasu a 2006, ya fara ne da ƙaramin molo mai tsirkiya ɗaya da ƙaramin goge, sannan ya kwashe abin da ya koya ya zuba a jita. Mdou Moctar kuwa, wanda ya haɗa jitarsa ta farko da wayar birkin keke, a Sakkwato ya naɗi kundinsa na farko mai suna Anar a 2008, kuma ta wayoyin hannu waƙoƙin suka bazu a Sahel kafin Turawa su ji labarinsa. Yau matasan Gilasgo suna sayen tikiti su je su kalli hannunsa. Abin da suke mamaki a kai shi ne abin da tsohon nan na kasuwar Shinkafi yake yi da tsirkiya biyu.

To mu ina muka tsaya? A Ƙauran Namoda, garin da layin dogo ya ƙare tun 1929, jita ta daɗe da shigowa, a hannun mawaƙan majami'a da ɗaliban Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya, amma ba ta taɓa gaisawa da garaya ba. Kowacce tana unguwarta. Tun shekarun 1990 kuma fiyanon Yamaha ta mamaye ɗakunan naɗar waƙa na Kano, daga baya kwamfuta ta karɓa, kuma na'urorin nan da nasu shiryayyen rakiyar kiɗa suke zuwa, wanda aka gina a kan tafiyar kod. An yi waƙoƙi masu daɗi da su, ba na musu. Abin da ke damuna shi ne matashi ya taso yana ganin yawan kod shi ne wayewa, tsayuwa a kan amo guda kuwa ƙauyanci ne. Ga kuma wasu nauyaye biyu a kan garaya. Na farko, an daɗe ana jingina ta da bori, har mutane da yawa suna ƙyamar ta baki ɗaya, alhali ita ce kuma kiɗan maharba da mazajen daji. Na biyu, rashin tsaron da ya addabi Zurmi da Shinkafi da ƙauyukan Ƙaura ya hana farauta, ya rage tarukan dare, ya tarwatsa garuruwa. A 2021 har kasuwannin mako-mako aka rufe a jihar, aka katse layukan waya na wani lokaci. Kiɗan da ba a rubuta shi, a hannu yake zaune, kuma in mai hannun ya yi gudun hijira ko ya kwanta dama ba tare da magaji ba, shi ke nan.

Ba ina cewa mu juya wa ilimin Turawa baya ba ne. Akwai abin da suka sani wanda zai ƙara mana. Sun san yadda ake ɗora kod baƙo a kan amon gida a samu wani launi da tsirkiya biyu ba za su iya bayarwa ba. Mawaƙin da ke son ya nuna alhinin garin da aka kora, in ya bar amon ƙasa a tsaye ya kawo kod mai tsami daidai kan kalmar da ta fi ciwo, sannan ya janye shi, ya sami makamin da kakanninsa ba su da shi, kuma bai taɓa karin harshensa ba. Sharaɗin kawai shi ne a san wane ne mai gida, wane ne baƙo.

Saboda haka shawarata ga ƙanena da ya sayi jita a Gusau ko Ƙaura ita ce: kafin ka haddace kod ashirin daga intanet, sassauta babbar tsirkiyarka zuwa D, ka koya wa babban yatsanka ya tsare ta ba gajiya. Ka ɗauki jimlar Hausa guda, ka furta ta da baki, ka nemo karinta a kan tsirkiya ɗaya har wanda ke ɗaki na gaba ya gane me jitar ke faɗi. Bayan haka ka gwada shigo da kod ɗaya, ka ji inda ya taimaki kalma da inda ya danne ta. Sannan ka nemi mai garaya ko mai gurmi da ya rage a yankinku, ka durƙusa ka gaishe shi, ka kai masa goro, ka nemi izininsa ka naɗi kiɗansa da wayarka, ka zauna ka kalli hannunsa na dama. Da tsohuwar zuma ake magani. Sassan nazarin Hausa na jami'o'inmu, daga Gusau zuwa Sakkwato, sun yi ƙoƙari wajen tattara kalmomin waƙoƙin baka, kuma lokaci ya yi da za a tattara aikin yatsu shi ma, a san yadda ake ɗaure kowace tsirkiya da wadda ake dannawa da wadda ake bari. Tsofaffin da suka san wannan ba su da yawa, kuma ba za su jira mu ba.